Kada ka sayi ɗan kwikwiyo sai ka ga uwarsa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili a jaridarka in yi magana kan abin da na san wasu za su taɓe baki tun daga kan take. Maganar kare ce. Su yi haƙuri su karanta, don na san a cikin masu taɓe bakin akwai waɗanda yanzu haka karen yana ɗaure a bayan sitonsu.

Ni mutumin ƙasar Katsina ne, amma shekarata 27 a Agege. Sana'ata raguna. Ina saro su daga Arewa, Balami da Uda da 'Yankasa, wasu in sayar a kara nan take, wasu in turke su in yi ta ba su dusa da harawa har Babbar Sallah, a wani fili da na kama haya wajen Alagbado. Shekara uku da suka wuce, saura kwana goma sha ɗaya Sallah, aka haura katanga da dare aka kwashe min raguna shida, manyan cikinsu. Yaron da ke kwana a wurin bai ji komai ba, don ruwa ake yi kamar da bakin ƙwarya, rufin kwano yana ta ƙara. Da safe igiyoyi kawai muka tarar, an yanke su da wuƙa. Maƙwabcina, wani Bayarabe mai gidan kaji, ko ƙwai ba a taɓa masa ba. Ba katangarsa ce ta fi tawa tsawo ba. Wata 'yar jar karya gare shi, irin ta gida, wadda ko ƙadangare ya gifta sai unguwa ta ji.

Kafin in yi komai sai da na je wajen malaminmu bayan sallar isha'i. Na ce, "Allah gafarta Malam, ya halatta in ajiye kare?" Ya ce hadisi ya yi bayani, wanda ya ajiye kare ba don farauta ko tsaron dabbobi ko gona ba, kullum ana rage masa lada. "Kai kuwa dabbobi gare ka, kana cikin waɗanda aka togace." Ya ƙara da cewa a mazhabarmu ta Malikiyya jikin kare mai rai ba najasa ba ne, sai dai in ya sa baki a ƙwarya a wanke ta sau bakwai. Har ya ba ni labarin Ibn Abi Zaid, malamin Ƙairawan mai Risala, wanda katangar gidansa ta faɗi ya ajiye kare. Da aka ce masa ai Imam Malik ya karhanta, sai ya ce da Malik ya riski wannan zamani da zaki zai ajiye. Game da saye da sayarwa kuwa ya ce akwai saɓani, da yawa sun hana cin kuɗin kare, amma Sahnun ya halatta cinikin wanda shari'a ta yi izinin a ajiye. Ni ba malami ba ne, abin da aka gaya min na faɗa, kowa ya tambayi nasa malamin.

To, fatawa ta samu, amma kunya ba ta tafi ba. Ina Alhaji, da furfura a gemu, a gan ni ina zaga gidajen masu karnuka? Labari ya kai kara? Sai na kira babban ɗana na ce ya nemo min a waya, a yi a gama ba wanda ya ji. Ko awa ba a yi ba ya kawo min hotuna. Wani mai talla a intanet ya sa hoton wani ƙaton kare mai kai kamar turmi, ya ce shi ne uban, wai daga Afirka ta Kudu aka shigo da shi, irin da ake kira Bowabul. 'Ya'yan satinsu tara, an yi musu allurai duka, akwai kati. Naira dubu 250. Muka yi ta ja ta saƙon waya har ya sallama a dubu 200, yana ta cewa saura biyu, kuma ga wani nan tafe daga Lekki. Na ce a tambaye shi ina ne gidansa. Ya ce ba sai mun wahala ba, cunkoson Legas ba daɗi, zai aiko har ƙofa. Wallahi har daɗi na ji, don abin da nake gudu ke nan ya ɗauke min.

Washegari da la'asar ɗan aike ya iso a babur, da kwalin taliyar yara ɗaure a baya, an huhhuda shi da wuƙa don iska. Aka buɗe. Ɗan abu ne launin ƙasa, bai fi tafin hannu biyu ba, ciki ya kumbura kamar ganga, ƙashin baya kuwa ana iya ƙirgawa, idanu duk kwantsa, sai rawar jiki yake. Ɗana ya ce, "Baba, gajiyar hanya ce." Na yarda, don ina son in yarda.

Edita, a nan ne abin yake ci min rai har yau. Ni ne fa mutumin da ba a taɓa sayar wa rago ban buɗe bakinsa ba. In na kama rago sai na duba haƙori in san shekarunsa, in ja fatar ido in ga ja ce ko ta koɗe, in shafa gadon baya, in ɗaga wutsiya in ga ko yana zawo, in sa a kora shi in kalli tafiyarsa. In dillali ya ce min kiwon gida ne, sai na tambayi gidan wa, a wane gari. Duk wannan sanin yana kaina, amma ranar ko taɓa ɗan kwikwiyon ban yi ba. Da ƙafa na tura kwalin na ce a kai shi garke. Cinikin biri a sama na yi, da kuɗin da ya isa sayen rago.

Kwana uku yana ɗan lasar madara. Ran na huɗu ya ƙi ci, ya fara amai. Ran na biyar sai zawo da jini, mai wani irin ƙarni da ban taɓa jin kamarsa ba, ni da na ƙare rayuwata kusa da kwatar Oko-Oba. Sai a lokacin na ɗauke shi da hannuna, na naɗe shi a tsohon buhu, muka tafi wajen likitan dabbobin da ke duba min raguna. Bayarabe ne, amma a Zariya ya yi karatu, yana jin Hausa kamar jakin Kano. Ya ɗaga leɓen, ya danna dasashi da yatsa, fari fat. Ya dubi haƙoran ya dube ni. "Alhaji, wa ya ce maka sati tara ne? Wannan da ƙyar in ya cika biyar. A kan nono aka cire shi." Ya ce ciwon da suke kira Fabo ne, ƙwayar cuta mai cinye hanjin ƙananan karnuka, kuma babu maganin da ke kashe ta, sai dai a yi ta ƙarin ruwa da allurar tsayar da amai, a ga ko jiki zai iya.

Sannan ya ce in ba shi katin. Ya juya shi gaba da baya, ya yi wata dariya da ba ta daɗi ba. Ya ɗauko wata 'yar kwalba daga firiji ya nuna min. Kowace kwalbar rigakafi tana da 'yar takarda manne a jikinta, mai lamba da ranar lalacewa. In likita ya yi allura sai ya ɓare takardar ya liƙa a kati, ya sa hannu, ya buga hatimi, kuma kowane likitan gaskiya yana da lambar rajista daga majalisar likitocin dabbobi ta ƙasa. Nawa katin babu ko ɗaya daga ciki, rubutun biro ne kawai. An ma rubuta wai an yi masa allurar haukan kare yana sati shida, alhali ita ba a yin ta sai kwikwiyo ya kai wata uku. Wanda ya cike katin ko ƙaryar bai iya ba.

Kwana biyu yana kan ƙarin ruwa, ran na uku da asuba aka kira ni ya mutu. Jinya ta ci kusan dubu 60. Da muka aika wa mai tallan hoto, ya ce mu muka ba shi abin da bai dace ba, daga nan lambar ba ta ƙara shiga ba. Ban san fuskarsa ba, ban san unguwarsa ba. Daga baya ma ɗana ya ci karo da hoton ƙaton uban nan a wani shafin masu karnuka na ƙasar waje, ashe can aka kwafo shi. Likita kuma ya ce ƙasar garken ta riga ta ɗauki cutar, ƙwayar tana yin wata da watanni a ƙasa, har shekara in wurin inuwa ne. Ya sa muka ƙone buhun, muka wanke daɓe da bilic, kashi ɗaya a cikin kashi talatin na ruwa, ya ce kada in kawo wani ƙarami wurin nan kusa. Sauƙin da na samu ɗaya ne, ba ta kama raguna. Uwargida kuwa da ta ji, ba ta yi dogon zance ba. Ta ce, "Alhaji, kai da ko tumatir ba ka yarda a sayo maka ba ka gani ba?"

Bayan wata takwas na koma wajen likitan na ce har yanzu ina da buƙata. Ya ce, "Wannan karon kada ka tambayi ɗan, ka tambayi uwar." Ya haɗa ni da wata dattijuwa Bayarabiya a bayan Ikorodu, tsohuwar ma'aikaciya da ta yi ritaya, wadda ya ce ya daɗe yana duba mata karnuka. Na ajiye kunya na tafi da kaina, ni da ɗana.

Tun daga ƙofa na ga bambanci. Akwai baho da ruwan bilic a bakin shiga, ta ce mu tsoma takalma, mu wanke hannu. Ta tambaya ko mun biya ta wani gidan karnuka ranar, don da mun biya ba za ta bar mu mu matsa kusa da 'ya'yan ba. Sannan ta zaunar da mu a baranda, ko kare ɗaya ba mu gani ba tukuna, ta fara. "Alhaji, ina zai kwana? Akwai inuwa? Wa zai riƙa ba shi abinci, kai ko yaro? In yaron ya tafi ganin gida Arewa fa? Akwai ƙananan yara a wurin? Katangar ta kai ina? Ɗaure shi za ka yi dare da rana?" Gaskiya raina ya ɗan ɓaci. Na zo da kuɗina ana titsiye ni kamar mai neman aure. Sai a hanyar dawowa, muna tsaye a cunkoson Mile 12, na tuna Fulanin da nake hulɗa da su. Wanda ya raini saniya da hannunsa tun tana maraƙa, in dole ta sa zai sayar, yakan tambaya yanka za a yi ko kiwo, har ya bi ta da kallo. Wanda ya saro ta jiya ba ruwansa, kuɗi kawai yake ƙirgawa.

Da ta gamsu sai ta zaga da mu bayan gida. Wata karya ce irin Alseshiyan, kwance a kan katako a inuwa, 'ya'ya bakwai suna tsotso, satinsu huɗu. Wurin a share yake, ba wari, ruwan kwano garai. Uwar ta ɗago kai ta dube ni, ta yi gurnani ƙasa-ƙasa sau ɗaya. Mama ta yi mata magana da Yarbanci, sai ta mayar da kai ta kwantar, amma idonta bai bar kaina ba har muka tashi. Mama ta ce, "Ka ga wannan halin? Shi za ka saya." Karyar da ta ga baƙo ta shige lungu tana ɓari, da wadda take neman tsinke sarƙa ko uwargijiyarta ta tsawatar ba ta ji, duka biyun a guji 'ya'yansu. Hali ana gadonsa, kuma a makonnin farko a wajen uwa ake koyon saura. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Na tsuguna, wannan karon na yi irin dubana na kara. Na juya kunne, na buɗe tsakanin yatsu, ba kaska ba ƙuma. Dasashi ja, ido wasai, fata ba ƙazuwa, ciki daidai jiki. Na kuma lura da nonuwan uwar, sun nuna ita ce mai shayarwar. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, don likita ya gaya min wasu sukan tattaro 'yan kwikwiyo daga gida-gida su zuba a keji ɗaya, in mai saye ya matsa sai a nuna masa kowace karya a ce ita ce uwar.

Mama ta ɗauko wani littafi mai bango mai kauri, irin wanda muke rubuta bashi a ciki. Ranar barbara tana nan, ranar haihuwa tana nan, kwana 63 a tsakani kamar yadda cikin karya yake. Nauyin kowane ɗa sati-sati, da ranakun maganin tsutsar ciki, tun suna sati biyu, duk bayan sati biyu. Uban ba a gidan yake ba, na wani mutum ne a Ikeja, ta ce in ina so ta haɗa mu in je in gan shi, kuma ba dangin uwar ba ne. Wannan ba sai an yi wa mai tumaki bayani ba. Garken da ba a sake rago, uba ya hau 'ya, wa ya hau ƙanwa, 'ya'yan a tsumbure suke fitowa, ciwo kaɗan ya kwashe su. Ta ce manyan karnuka irin waɗannan suna da wani ciwon gado a ƙugu, kan ƙashin cinya ba ya zama daidai a gurbinsa, sai ka ga kare bai tsufa ba ya fara jan ƙafa. A jikin ɗan sati huɗu ba a gani, a tafiyar iyayensa ake dubawa. Ta sa aka saki uwar ta zaga fili da gudu, ni kuma na tsaya ta baya ina kallon ƙafafu, kamar yadda nake yi wa rago.

Ta kuma gaya min karya takan nemi namiji kusan duk wata shida, kuma masu son kuɗi ba sa barin ko sau ɗaya ya wuce, har ta ƙare ta zama ƙashi da fata. Ita ba ta barin karya ta ɗauki ciki sai ta kusa shekara biyu, kuma tana hutar da ita tsakanin haihuwa da haihuwa. Shi ya sa ba kullum take da 'ya'yan sayarwa ba. Wanda duk ranar da ka kira shi yana da kowane iri a hannu, ga Bowabul, ga Rotwaila, ga Kokeshiyan, ga 'yan ƙananan nan masu gashi na falo, ba makiyayi ba ne, dillali ne. Ban raina dillanci ba, da shi muke ci muke sha. Amma dillalin kirki yakan kai ka gaban mai kaya, ya karɓi la'adarsa a fili.

Na ce ta ba ni ɗaya ranar, zan ƙara mata kuɗi, don Agege zuwa Ikorodu ba nan kusa ba ne. Ta ce ko ninki biyu zan ba ta, ɗa ba ya barin gidanta sai ya cika sati takwas. Sai ya gama shan nono, ya fara cin abinci da kansa, an yi masa allurar farko, kuma ya yi kokawa da 'yan'uwansa ya koyi iyakar cizo. Na ba da kafin alƙalami, ta rubuta min rasit. Sau uku na yi wannan tafiya.

Ranar ɗauka ta miƙo min kati, ga 'yar takardar kwalba manne mai haruffan DHLPP, rigakafin ciwo biyar har da Fabo ɗin nan, ga sa hannu ga hatimi, ga ranar allura ta gaba. Ana maimaita ta duk sati uku ko huɗu har kwikwiyo ya kai sati goma sha shida, kafin nan kada ya taka ƙasar waje. Don haka a wani ɗaki mai siminti da ba a taɓa sa na farkon ba muka raine shi. Ta gargaɗe ni kan masu sayen kwalba a kanti su yi allurar da kansu. Rigakafin nan sai a firiji, tsakanin digiri 2 da 8, in ya sha zafi ya tashi aiki, kuma kowa ya san halin wutar Legas. Muka rubuta yarjejeniya a takarda, in kai shi wajen likitana cikin kwana uku, in an ga ciwo in dawo da shi in karɓi kuɗina. In kuma wata rana na kasa riƙe shi, kada in sayar, kada in yasar, in mayar mata. Muka sa hannu, ɗana ya yi shaida. Dubu 280 na biya. Na farkon da jinyarsa dubu 260 suka ci, kuma rami na haƙa.

Yara suka sa masa suna Zaki, saboda labarin da Malam ya bayar. Irinsa tun asali karen tumaki ne, a Jamus aka kafa ƙungiyar masu kiwonsa a 1899, don haka bai daɗe ba ya saba da raguna, su ma suka daina firgita.

Yanzu bari in faɗi abin da wasu abokaina ba za su so ba. Da yawanmu ba tsaro muke saye ba, suna muke saye. Wanda ake yayi shi ne Kokeshiyan, karen da asalinsa tsaunukan ƙanƙara ne can tsakanin Rasha da Jojiya, gashi a jikinsa kamar bargo biyu. Na ga wani a sito wajen Alaba Rago, an ɗaure shi a gindin kwantena da tsakar rana, harshe a waje, yana numfashi kamar zai shiɗe, ƙarƙashin gashin duk gyambo. Mai shi yana ta gaya min nawa ya saye shi. Bowabul kuma namijinsa yakan kai kilo 70 ko fiye, ba sauran tuwon dare ne zai riƙe shi ba, kuma kare yakan yi shekara goma a hannunka ko ya wuce. Mai kiwo na gaskiya zai yi maka wannan lissafin tun kafin ka zaro kuɗi, ko da zai sa ka fasa.

Sai kuma masu zuwa su ce, "Mugu nake so." Akwai masu sayarwa da ke jiran wannan kalmar. Za su ce maka sun kulle shi a keji mai duhu, ba ya ganin mutane, har na ji masu cewa ana ba shi barkono ko wiwi don ya yi zafi. Irin wannan karen bai san ɓarawo ba, bai san mai ruwa ba, bai san ɗan maƙwabci da ya shigo ɗaukar ƙwallo ba. A unguwa irin Agege, inda taga ke kallon taga, ajiye shi ɗaukar alhaki ne. Ɓarawon rago haushi yake tsoro, don haushi ke tada mutane. 'Yar jar karyar maƙwabcina ba ta taɓa cizon kowa ba. In zan faɗi gaskiya, da na natsu tun farko, irin ta gidan nan ma ta ishe ni. Karnukan mafarautan garinmu suna wuni a daji da rani, ga kuma dogayen karnukan Buzaye na Azawak, waɗanda yanzu Turawa ke kiwo suna alfahari da su. Namu sun fi jure zafi da kaska, cinsu kaɗan. Sai dai ko na gida za ka karɓa, ko kyauta ne, ka ga uwarsa, ka kai shi allura.

Takardar asali da ake ruɗar mutane da ita kuwa, kowane shagon buga takardu zai iya fitar maka da mai zinariya a gefe. Amfaninta sai in sunayen da ke ciki za su kai ka ga mutum mai gida da ƙofa.

Abin da ya fi kuɗi muhimmanci shi ne haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana kashe mutum kusan dubu 59 duk shekara, akasari a Afirka da Asiya, kusan duka ta hanyar kare, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. In alamu suka riga suka bayyana a jikin mutum, sai dai addu'a. Allurar karen kuwa ba tsada gare ta ba, har cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a jihar Filato, wadda mu masu dabbobi muka sani da rigakafin shanu da tumaki tun 1924, tana yin ta. Wata uku a fara, sannan duk shekara. Katin ƙarya irin wanda aka ba ni zai sa mutum ya saki jiki da karen da ba a taɓa yi wa ba.

Bara wani yaro mai kawo mana harawa ya taka wutsiyar Zaki yana barci, ya juyo haƙori ya karce shi a hannu. Nan take muka wanke wurin da sabulu a ƙarƙashin famfo, minti goma sha biyar cur kamar yadda likita ya koya min, ba mu tsaya jiƙe-jiƙe ba, muka kai shi asibiti ranar. Yayansa ya iso a fusace. Abin da ma'aikaciyar jinya ta fara tambaya shi ne katin karen. Na zaro shi daga aljihu, ta duba takardun da ke manne da kwanan wata, suka yi abin da ya kamata, likitan dabbobi kuma ya ce a sa wa karen ido kwana goma. Lafiya lau. Na yi ta tunanin da katin biro ne a hannuna, da wane ido zan kalli yayan yaron nan.

Roƙona gare ka, Edita, ka samo likitan dabbobi mai jin Hausa ya riƙa yi mana bayani a wannan jarida, ko da sau ɗaya ne a wata, musamman gabanin 28 ga Satumba da ake ranar yaƙi da haukan kare ta duniya. Ba don irina masu garke kawai ba. 'Yan'uwanmu masu gadi a Lekki da Ikoyi da Ikeja su ake bar wa karnukan masu gida, su ke ba su abinci, su ke wanke keji, wani lokaci ma su ake aika su karɓo ɗan kwikwiyo a bakin titi, kuma su ake fara cizo. Da yawansu ba su san akwai kati ba, balle su ce wa maigida su ga ranar allurar ƙarshe.

Zaki dai yana nan a Alagbado. Kwanonsa daban, ba ya shiga ɗakin da yaro ke salla, da rana yana kwance a inuwar mangwaro, da dare a sake shi. Sallah biyu ke nan ko igiya ba a taɓa min ba. Wata mai kamawa allurarsa ta shekara za ta yi, ni zan kai shi da kaina a bayan a-kori-kura, kuma hanyar ta gaban kara take bi.

Na gode da wannan fili. Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Naku,
Wani mai sana'ar raguna,
Agege, Legas.